Hurumin da Muka Manta: Tunani a Bakin Ruwan Warra

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya gudanar da Kwara tun daga duwatsun Gini har ta iso ƙofar gidajenmu, Ya sanya abincin bayinSa a cikinta da gefenta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Wani almajirina ne ya jawo wannan rubutu. Mun idar da karatun la'asar, sai ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Allah gafarta Malam, dubi abin mamaki, mutanen nan har itace suke yi wa naɗi." Na karɓa na duba. Wani ƙaton itace ne a tsakiyar kurmi, an ɗaura masa ƙyalle ruwan lemo a gindi, ga wasu mutane masu askakken kai sun kewaye shi, mayafansu launi ɗaya da ƙyallen. Na yi dariya kamar yadda ya yi, na ce Allah Ya tsare mana imaninmu. Amma da dare ya raba hoton ya ƙi barin zuciyata, har sai da na bi diddigin labarin, kuma abin da na samu ya mayar da dariyata kunya.

Mutanen nan mabiya addinin Buda ne. Wanda suke jingina kansu gare shi sunansa Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Suna cewa a gindin wani itace dangin ɓaure ya sami wayewar da yake nema, shi ya sa itace ke da daraja a wurinsu tun asali. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne wahalar ɗan Adam daga kwaɗayi take tasowa, kuma guba uku ke cin zuciya: haɗama da ƙiyayya da ruɗu. Dokarsu ta farko ita ce kada a kashe mai rai. Ibadarsu zama ne shiru, mutum yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa har zuciya ta lafa. Masu zuhudunsu a Tailan ba su mallaki abin kirki ba sai mayafi da ƙoƙon bara, kuma idan rana ta yi tsaka sun gama cin abincin yini ke nan. Ba su tabbatar da Mahalicci yadda muke tabbatarwa, tsakaninmu da su a aƙida akwai kogin da ba ya ƙetaruwa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai malamanmu sun koya mana cewa hikima ɓataccen kayan mumini ce, inda duk ya tsince ta ya fi kowa cancantar ɗauka.

Ga yadda naɗin itacen ya samo asali. A shekarar 1961 fiye da rabin ƙasar Tailan daji ne. Kafin ƙarshen shekarun 1980 masu yankan katako da masu share gonaki sun mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. A watan Nuwamba na 1988 ambaliya da zaftarewar ƙasa suka halaka ɗaruruwan mutane a kudancin ƙasar, ruwa ya gangaro da gungumen da aka sare ya rushe ƙauyuka, har gwamnati ta hana yankan katako a farkon 1989. A cikin shekarar 1988 ɗin ne wani malaminsu mai suna Phrakhru Manas, a lardin Phayao da ke arewa, ya ga wa'azi bai hana ba, ƙara ma ba ta hana ba, sai ya ɗauki mayafin da ake sanya wa mai shiga zuhudu ya ɗaura wa manyan itatuwa. Shi kansa ya san itace ba ya zama malami. Abin da ya lura da shi shi ne mai riƙe da gatarin ma ɗan addininsu ne, wanda tun yana goye yake ganin uwarsa na rusuna wa mai wannan mayafi, don haka hannunsa ba zai iya sara a kai ba. Al'adar ta bazu. Wani daga cikinsu, Phra Prajak, har kama shi aka yi a 1991 saboda tsayawarsa a kan wani daji. A Kambodiya kuma Bun Saluth ya tara 'yan'uwansa da mutanen ƙauyuka suna sintiri a wani daji mai faɗin hekta kusan 18,000, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo a 2010.

Akwai kuma Thich Nhat Hanh, mutumin Biyetnam da ya rasu a 2022, wanda tun lokacin yaƙin ƙasarsu yake koyar da cewa zaman ibada bai cika ba sai mai yinsa ya tashi ya taimaki wanda bala'i ya faɗa wa. Christiana Figueres, matar da ta jagoranci ofishin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ƙulla yarjejeniyar Faris a 2015, ta sha faɗa a bainar jama'a cewa koyarwar wannan dattijo ce ta riƙe ta lokacin da ta kusa karaya. Wato zaman shiru na wani tsoho ya taɓa teburin da shugabannin duniya suka sa hannu a kai.

To, mu dawo gida.

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwan Warra ya miƙa ido, tafki yake gani wanda kakanninmu ba su san shi ba. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya kai tsawon kilomita fiye da 130, daga kusa da Sabuwar Busa har zuwa Yelwa. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashinsa. Gungu da yawa na Gungawa, inda suke noman albasa da gero tun kaka da kakanni, suna ƙarƙashinsa. An tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Har yau kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙasa, matuƙan jirgi sun san su, wanda bai sani ba kuwa yakan gamu da su. A shekarun farko kifi ya yi ambaliya, domin ciyawa da ganyen da suka ruɓe sun zama masa abinci, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Ba a yi shekara goma ba kamun ya faɗi warwas.

Kwara sau biyu take kawo mana ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na daminarmu, wanda ke cika wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka a Gini ya ratsa fadamun Mali ya tace, ba ya iso mu sai cikin hunturu. A kan wannan tsari manomin fadama da masunci da makiyayi suka gina lissafinsu. Yanzu tambayi kowane tsoho a Ngaski ko Shanga, zai gaya maka lissafin ya rikice. Damina takan yi jinkiri, ta sauka a yi shuka, ta ɗauke ƙafa shuka ta ƙone, sannan ta dawo da ƙarfi ta kwashe abin da ya rage. Mun ga ambaliyar 2012. Mun ga ta 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi ana gab da girbi. Ta 2022 kuwa ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya. Masana sun ce hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas ne ya taru a sama yana riƙe zafi, zafin kuma ya sa iska ke ɗaukar ruwa fiye da ƙima ta zubar da shi lokaci guda.

Kwanakin baya na sauka bakin ruwa da hantsi, jirage na dawowa. Na tarar da wani dattijo ya zazzage kamunsa a kan buhu. Na duƙa na sa hannu. Galibinsu warangi ne, waɗanda dama ba sa girma, amma a cikinsu ga 'ya'yan ƙarfasa da na ragon ruwa, har da ɗan giwan ruwa guda wanda bai kai tsawon yatsana ba, idonsa na ƙyalli, bakinsa a buɗe. Wannan kifi da an bar shi zai iya kai nauyin babban mutum. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Wannan ai bai isa kamu ba." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, na fi ka sani. Amma in na sake shi, wanda ke bayana ba zai sake shi ba, ni kuwa da me zan koma gida?" Na rasa amsa. Can gefe wasu yara na jan gidan sauro a cikin ruwa, irin wanda ake rabawa don maganin zazzaɓi, ba abin da ke tsere masa ko ƙwan kifi.

Maganar dattijon nan ita ce gundarin al'amarin. Ba jahilci ke damunsa ba, ya san ɓarna yake yi. Abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa idan ya kame hannunsa kowa ma zai kame. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi aiki a tafkin nan tare da sarakuna da sarakunan ruwa, aka hana jan dala, babban tarun nan mai ƙananan idanu da ke share komai. An ga amfanin hanin. Amma dokar da tsoron jami'i kaɗai ke riƙe ta, ranar da man jirgin sintiri ya ƙare ita ma ta ƙare. A nan ne na tuna da malamin Phayao, domin shi mai tsaron da ya sanya a dajinsa yana cikin ƙirjin mai gatari, ba ya neman albashi, ba ya barci.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce mu ɗaura wa giginya rawani ba, Allah Ya kiyashe mu da abin da zai kusantar da mu ga shirka. Cewa nake yi su sun shiga rumbun addininsu sun fito da abin da zai tsare dajinsu, mu kuwa namu rumbun ya fi cika, amma mun kulle shi mun zauna a ƙofa muna hamma.

Ɗauki kalmar hurumi. Bahaushe ya san hurumin gari, filin da ba a nomawa, ba a sayarwa, an bar shi don kiwo da amfanin jama'a. Kalmar daga Larabci take, daga fiƙihu ta shigo bakinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, ya kuma haramta sare itatuwan Madina kamar yadda aka haramta na Makka. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. Abin da ya fi burge ni shi ne umarnin da ya bai wa mai gadin wurin, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garken manyan attajirai irin su Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonakin dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa. Dubi wannan adalci. Hurumin Musulunci babba yake fara takawa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya yi rubutu a kan hukuncin matacciyar ƙasa da wuraren da ake keɓewa, ilimin bai yi nisa da mu ba. Ko a al'ada ma, Matan Fada ta Argungu ba a shiga a yi su a cikinta sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da kifin da sai an taru a ɗauka.

Sauran dalilai kowane ɗan makarantar allo da ya yi nisa ya ji su. Suratur Rum ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata. Suratul A'arafi ta halatta ci da sha ta hana almubazzaranci. Annabi da mudu guda na ruwa yake alwala, kuma an ruwaito ya gargaɗi Sa'adu kan ɓarnar ruwan alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake, maganar da kamar da mu mazauna bakin Kwara ake yi. Ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya tsoratar a kan ƙazantar da mashaya da hanya da inuwa. Ya sanya dashen itace sadaka ce matuƙar mutum ko tsuntsu ko dabba na ci. Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, a cikin yaƙi ke nan fa. To ina hukuncin wanda cikin zaman lafiya ya kayar da kaɗanya ko ɗorawa don buhun gawayi? Bi hanyar Kwantagora zuwa Yawuri ka ƙirga buhunan da aka jera a gefen titi. Da kirya ake yi, da ta yi wuya aka koma kan itatuwan da mata ke samun man kaɗe da daddawa a jikinsu. Ina hukuncin wanda ya zuba gubar gamalin a ruwa kifi ya taso, manya da ƙanana, ya kai kasuwa Musulmi su saya su ci, sannan ya wanke hannu ya shiga sahun farko?

Akwai mataki na ciki da ya fi wannan. Mabiya Buda sun ce haɗama ce tushen ciwon, sun gaskata a wannan, kuma malamanmu na tarbiyya irin su Imamu Gazali sun yi dogon bayani a kan cututtukan zuciya da maganinsu. Azumi horon ciki ne ya san kalmar "ya isa". Ƙana'a ita ce dukiyar da ba ta ƙarewa. Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa babu wani abu face yana tasbihi, mu ne dai ba mu fahimta. Wanda ya zauna bayan asuba a bakin ruwa yana wuridi, ya san cewa kainuwar da ke wucewa da belbelar da ke tsaye da kifin da ke ƙasa duk abokan zikirinsa ne, da wuya ya tashi ya zuba musu guba. In kuwa ya tashi ya zuba, to wuridin a leɓe ya tsaya, bai gangara ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce, Malam, mu muka ɗumama duniya? Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Masana'antun Amurka da Turai da Sin ne suka yi aika-aikar, manomin Shanga ke biya. Wutar Kainji ma da aka nutsar da gidajen kakanninmu dominta, birane masu nisa sun fi mu moriyarta. Haka ne, kuma neman haƙƙi a wurin mai ƙarfi yana cikin addini, wajibi ne shugabanninmu da wakilanmu su ɗaga murya. Sai dai zaluncin na nesa ba ya wanke ɓarnar na kusa. Ba mutumin Sin ne ke jan gidan sauro a gaɓarmu ba. Kuma itacen da ka bari a bakin kogi shi zai riƙe maka ƙasa ranar da ambaliyar da wani ya jawo ta iso. 'Yan'uwanmu na Maraɗi ba su jira kowa ba: tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa gyara, abin da suke kira sassaben zamani, yau miliyoyin hekta sun sake yin itace.

Sai kuma maganar ƙaddara, wadda sai an yi hattara. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150, ya nufo Warra, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Kaɗan ne suka tsira. Aka yi kwanaki ana tsamo gawa, akwai gidan da ya rasa mutum fiye da ɗaya. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Mun ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, babu mai shakka. Amma hukumomi sun ce lodi ya wuce ƙarfin jirgin, wannan kuwa aikin hannu ne da za a yi tambaya a kansa. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa daga wata ƙaddarar Allah yake tafiya zuwa wata. Annabi kuma ya buga misali da mutanen da suka hau jirgi, na ƙasa suka so huda wurinsu don su ɗebi ruwa, in na sama suka ƙyale su duk a nutse tare, in suka riƙe hannunsu duk a tsira. Mutumin Warra ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan hadisi. Tafkin nan jirgi ɗaya ne, Bagunge da Bakambare da Basarke da Bafulatani da Bahaushe duk a ciki suke, kuma kowa ya ga masu hudawa.

In ana ganin abin ba zai yiwu a wurin Musulmi ba, ga tsibirin Misali da ke kusa da Pemba a Zanzibar. Masunta can da nakiya suke kamun kifi, gwamnati ta hana ta gaji. Wajen shekarar 2000 ƙungiyar Fazlun Khalid, wani Musulmi mazaunin Ingila, ta zauna da limamai da malaman Islamiyya, aka fito da ayoyin amana da khalifanci da ma'auni aka karantar a masallatai. Masunta da yawa suka ajiye nakiya, domin abin ya tashi daga dokar gwamnati ya zama maganar tsayuwa gaban Allah. A 2015 malamai suka taru a Santambul suka fitar da matsayar Musulunci kan sauyin yanayi, majalisar malaman Indonesiya kuma ta ba da fatawar haramta ƙona daji a 2016. Mu a nan, huɗuba nawa muka ji a kan idon taru? Ni kaina mai wannan rubutu, shekara nawa ina karantar da babin tsarki, ina rarrabe ruwa mai tsarki da mai tsarkakewa, ban taɓa tsayawa na tambayi ɗalibai wa ke ɓata ruwan da muke magana a kansa ba. Laifin da ni ya fara.

Don haka nake kira ga iyayenmu limaman Juma'a na Warra da Ngaski da Yelwa da Zamare da Shanga, su ware huɗuba guda kafin farin ruwa ya iso, lokacin da kifi ke shiga fadama yana ƙwai, su faɗi hukuncin gamalin da gidan sauro da dala da sunansu, ba da habaici ba. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, wanda Allah Ya haɗa masa ilimi da sarauta, ya tara hakimai da sarakunan ruwa da malamai, kowane gari na gaɓa ya keɓe lungu guda na ruwa da tsiri guda na itatuwa a matsayin hurumi, a shelanta shi a masallaci bayan salla, a fara hana mai babban taru da mai injin yanka, a sassauta wa mai ƙugiya ɗaya da ke neman na tuwo, kamar yadda Umar ya yi. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in kana da liman a unguwarku, ka kai masa wannan takarda hannu da hannu kafin damina ta sauka.